Yaro ya ji ciwo a jardan: ƙaddara ba ta kore hakki

Ranar Talata 13 ga watan Afrilu na shekara ta 2021, gobara ta tashi a wata makaranta ta unguwar Pays-Bas da ke kusa da filin jirgin sama na Yamai. Azuzuwan na zana ne da kara, don haka kafin masu kashe gobara su shawo kanta, wuta ta riga ta ci ran yara 20, mafi yawansu ƴan ajin jardan, waɗanda ƙafafunsu ba su yi ƙwarin da za su tsere ba. Ba a cika wata bakwai ba, ranar Litinin 8 ga watan Nuwamba, irin wannan masifa ta sake aukuwa a birnin Maraɗi, inda yara aƙalla 25, ƴan shekara 5 zuwa 6, suka ƙone cikin ajinsu. An yi zaman makoki na kwana 3 a jahar, taron ministoci kuma ya tsaida shawarar hana zaunar da ƴan jardan cikin azuzuwan zana a duk faɗin ƙasa. Ƙasa ta yi kuka, magabata sun yi jawabi, sannan kowa ya koma ga sha'aninsa, ban da iyayen da suka binne ƴaƴansu.

Waɗannan biyun sun shiga rediyo ne saboda girmansu. Amma akwai waɗanda ba su wuce ƙofar unguwa: yaron da ya faɗo daga lilo ya karye, wanda ya afka ramin salga da ba a rufe ba, wanda ya kurɓi kananzir ko ruwan javel da aka bari cikin kwalbar lemo, wanda bango ya faɗa masa da damina, wanda ya sulale ya fita titi ba wanda ya lura har kabu-kabu ya buge shi, da wanda aka doka dukan da ya wuce horo. Kusan kullum abin da ke biyo baya iri ɗaya ne. Mai makaranta ya zo gida da rakiyar dattijo, a yi jaje, a ajiye ƴan jikkuna na magani, a ce Allah ya kiyaye na gaba. Uba ya haɗiye abin da ke ransa don kada a ce ya ƙi ƙaddara, uwa ta yi kukanta a ɗaka, gobe da safe kuma a buɗe makaranta, lilon yana nan yadda yake.

Lamarin ya shafi masu karatunmu kai tsaye. A Yamai da Damagaram da Maraɗi da Tawa, gidan da miji ke ofis mata ke ofis, ko miji ke kanti mata ke tata sana'a, ya daina zama abin mamaki, kuma kakar da ke riƙe jikoki a da ba kowane gida ke da ita kusa ba. Shi ya sa jardan da gidajen renon yara, na gwamnati da masu zaman kansu, suka yawaita cikin birane. Dokar tsarin ilimi ta ranar 1 ga watan Yuni na 1998 ta lissafa karatun ƙananan yara cikin matakan ilimin ƙasa, wato ta fitar da shi daga sahun alfarma, ta shigar da shi sahun abin da hukuma ke da alhakin sa wa ido. Kafin nan, a 1990, Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 kan hakkin yara, wadda aya ta 3 a cikinta ta ɗora wa ƙasashe tabbatar da cewa duk inda ake kula da yara ya cika ƙa'idojin tsaro da na lafiya, yana kuma da isassun ma'aikata da suka cancanta.

Ra'ayin wannan jarida shi ne, kalmar ƙaddara ta zama mayafin da masu sakaci ke lulluɓa da shi, kuma lokaci ya yi da za a yaye shi. Ba mai musun cewa abin da Allah ya hukunta ba makawa sai ya auku. Sai dai addinin da ake fakewa da shi, shi ne ya wajabta diyya a kan kisan kuskure cikin Suratun Nisa'i, kuma duk wanda ya karanta Risala a zaure ya wuce ta babin hukuncin jini da raunuka. Malamanmu sun daɗe da faɗin cewa mai riƙon amana ba ya biyan abin da ya salwanta a hannunsa, sai fa in ya yi sakaci. In haka hukuncin yake ga buhun gero da aka ba mutum ajiya, ina ga ɗan mutum? Yafiya abu ce mai kyau, kuma ta iyaye ce su yi in sun ga dama, amma ana yafe abin da aka sani ne. Sannan ƙafar da ta shanye ta yaron ce, shi zai ja ta har tsufansa, shi ne kuma ba a tambaya ba ranar da manya suka tafa hannu.

Kafin a zo ga ƙofofin shari'a, akwai aikin kwanakin farko, domin a nan ne mafi yawan iyaye ke asarar hakkinsu ba su sani ba. Da zarar abin ya faru, a kai yaro likita, ko da ciwon ya yi kama da ƙarami, don bugun kai na iya yin shiru yau ya tashi jibi. A nemi likita ya rubuta takardar shaida mai ɗauke da kwanan wata, da bayanin raunin, da yawan kwanakin da yaron zai yi yana jinya. Wannan adadi yana da nauyi a gaban alƙali. A adana takardun magani, da rasit na farmasi, da hoton ƙashi, da rasit ɗin kuɗin makaranta, wanda shi ne shaidar cewa an miƙa yaron an kuma karɓa. A ɗauki hoton wurin da waya tun kafin a toshe ramin ko a ɗauke lilon, a rubuta sunayen waɗanda suka ga abin da idonsu. Mai hali yana iya kiran wisiye, wato ma'aikacin shari'a da ke rubuta abin da ya tarar, takardarsa kuwa ba a ture ta da sauƙi. Daga nan a rubuta wa shugaban makarantar wasiƙa ana neman bayanin yadda abin ya faru, a riƙe kwafi da sa hannunsa. Abin da aka faɗa da baki ranar jaje, ranar shari'a sai a ce ba a faɗa ba.

Ƙofa ta farko ita ce sulhu, kuma ba mu raina ta. Dokar sarautar gargajiya, ta 1993 da wadda ta gaje ta a 2015, ta ba sarakuna da masu unguwanni ikon sasanta mutane, kuma sau da yawa zama ɗaya a zauren mai unguwa ya fi shekara a kotu sauƙi. Amma sulhun kirki yana da sharuɗɗa. Na farko, a faɗi gaskiyar abin da ya faru a gaban shaidu. Na biyu, a rubuta abin da aka amince da shi: wa zai biya, nawa, yaushe, da abin da za a gyara a makarantar. Na uku, kuma mafi girma, kada uba ya sa hannu a kan takardar da ta ce an gama magana alhali ciwon bai gama warkewa ba. Kundin dokokin hulɗar jama'a, a aya ta 2052, ya ba irin wannan yarjejeniya ƙarfin hukuncin kotu tsakanin waɗanda suka ƙulla ta. Wanda ya karɓi jika hamsin yau ya sa hannu cewa ya sallama, in bayan wata shida likita ya ce sai an yi wa yaron aiki, zai tarar ya rufe wa kansa ƙofa da hannunsa.

Ƙofa ta biyu ita ce ƙarar neman diyya. Kundin da muka ambata gadon Faransa ne, asalinsa na 1804, kuma ƙasar ta ci gaba da aiki da shi bayan samun ƴancin kai a 1960. Faransa ta sauya lambobin ayoyin a 2016, mu kuwa lauyoyinmu sun san su da tsofaffin lambobinsu. Aya ta 1382 ta ɗora wa duk wanda laifinsa ya jawo wa wani cuta nauyin gyara ta. Aya ta 1383 ta ƙara da cewa sakaci da rashin lura ma sun isa, ba sai an yi da gangan ba. Aya ta 1384 ita ce ta fi amfani ga iyaye, domin ta ce mutum yana ɗaukar alhakin abin da waɗanda ke ƙarƙashinsa suka aikata, da na kayan da ke hannunsa: mai gida yana amsa laifin ma'aikacinsa a bakin aiki, malami kuma ana tambayarsa ɓarnar da ɗalibai suka yi a lokacin da suke ƙarƙashin kulawarsa. Aya ta 1386 ta kama mai gini in gininsa ya rufta saboda rashin gyara ko mugun aiki. Ma'anar duk wannan a sarari take: mai makaranta ba zai ce laifin yarinyar da ke lura da yara ne, ya kore ta, ya wanke hannunsa ba.

Bayan haka akwai maganar alkawari. Wanda ya karɓi kuɗi ya karɓi yaro ya ɗauki alkawarin tsare lafiyarsa, ko an rubuta ko ba a rubuta ba, kuma aya ta 1147 ta hukunta biyan diyya ga wanda ya kasa cika abin da ya ɗauka. Gwargwadon ƙuruciyar yaro, gwargwadon nauyin da ke kan mai tsaronsa. Ɗan shekara biyu ba a cewa shi ya ja wa kansa. Rubutun nan da wasu ke liƙawa a bango ko su saka a takardar rajista, cewa makaranta ba ruwanta da duk abin da ya sami yaro, ya fi tsorata iyaye fiye da yadda yake ɗaure alƙali, domin ba wanda doka ta yardar wa ya yafe wa kansa babban sakaci tun kafin ya aikata shi. Lauya ne zai duba wace hanya ta dace, ta alkawari ko ta laifi. Abin da ya kamata uba ya riƙe shi ne, a ƙa'ida mai ƙara ne ke kawo hujja, kuma abu uku ake nema gare shi: cutar da ta samu, sakacin da aka yi, da yadda sakacin ya haifar da cutar. Diyyar kuma ba ta tsaya ga kuɗin magani ba. Ta haɗa da jinyar da ke gaba, da naƙasar da za ta zauna, da azabar da yaron ya sha, da baƙin cikin iyaye in an yi rashi. Alƙali yana da ikon naɗa ƙwararren likita ya auna duk wannan.

Ƙofa ta uku ita ce ta hukunta laifi. Kundin hukunta laifuffuka da ƙasar ta kafa a 1961, aka yi masa babban gyara a 2003, ya lissafa raunatawa da kisa ba da niyya ba cikin laifuffuka, muddin sun taso daga sakaci, ko rashin lura, ko ƙin bin ƙa'ida. Ana kai ƙara ga ƴan sanda, ko jandarmomi, ko kai tsaye ga alƙali mai shigar da ƙara. Amfanin wannan hanya ga talaka shi ne, hukuma ce ke yin binciken: ita ke kiran shaidu, ita ke zuwa wurin, ita ke iya buɗe abin da makaranta ta ɓoye. Iyaye na iya shiga shari'ar a matsayin masu neman diyya, ta yadda zama ɗaya zai yanke hukuncin laifi da na biya, a kuma kira mai makarantar ya amsa abin da ya shafi kuɗi. In mai shigar da ƙara ya ajiye takardun bai motsa ba, akwai damar kai kuka gaban alƙali mai bincike, bayan an ajiye wani kuɗi da zai yanka. Kada a yi jinkiri: kundin tafiyar da shari'ar laifi na 1961 ya yanka wa matsakaitan laifuffuka wa'adin shekara 3, shaidu kuwa tun kafin nan suke warwatsewa.

A nan dole a bambanta. Sakaci daban, mugunta daban. Wanda ya doki ɗan shekara uku har ya ji masa rauni, ko ya ɗure shi da maganin barci don ya huta da kukansa, ko ya taɓa mutuncin yarinya, ba maganar zaure ba ce. Aya ta 2046 ta yarda a sasanta a kan kuɗin diyya, amma ta ce wannan ba ya hana hukuma bin laifin. Uban da ya rufe irin wannan don gudun abin kunya ya bar kura cikin garke, kuma ɗan maƙwabcinsa ne na gaba. Tun 1999 ƙasar ke da alƙalan yara, an kuma sabunta dokarsu a 2014. Aikinsu ya haɗa da kare yaron da ke cikin haɗari, ba hukunta yaron da ya yi laifi kaɗai ba.

Ƙofa ta huɗu ita ce wadda jama'a suka fi tsoro: in jardan ɗin na gwamnati ne. Da yawa sun ɗauka gwamnati ba a ƙararta. Ma'aikatan da suka yi karatu a ENA sun san ba haka ba ne, domin darasin farko da ake koya musu a shari'ar mulki labarin wata yarinya ce. A 1871, a birnin Bordo na Faransa, wani keken dakon kaya na masana'antar taba ta gwamnati ya take Agnès Blanco, ƴar shekara biyar, har aka yanke mata ƙafa. Ubanta bai ce ƙaddara ya zauna ba, ya kai ƙara. Hukuncin ranar 8 ga watan Fabrairu na 1873 ya tabbatar da cewa ana iya tambayar gwamnati ɓarnar da ayyukanta suka yi, bisa ƙa'idoji nata na musamman, a 1874 kuma aka yanka wa yarinyar kuɗin da za a riƙa biyanta muddin ranta. A kan wannan tubali aka gina shari'ar mulki da muka gada. A cikinta ana raba laifin ma'aikaci na kashin kansa da laifin ma'aikata. Malamar da aka ba yara sittin cikin rumfar zana mai ƙofa ɗaya, ba ita ta zaɓi zanar ba, ba ita ta ƙayyade yawan yaran ba. Faransa ma tun 1937 ta yi doka cewa gwamnati ce ke tsayawa a madadin malaminta a gaban kotun diyya. Hanyar a nan takan fara da rubuta wa hukumar da abin ya shafa takardar neman diyya, a karɓi hatimin shaidar cewa ta isa. In ta ƙi ko ta yi shiru, sai a wuce gaban alƙali. Wa'adin wannan hanya gajere ne, don haka ba a shigarta ba tare da lauya ba.

Ƙasar nan ta taɓa ganin talaka ya kada gwamnati. Ranar 27 ga watan Oktoba na 2008, kotun CEDEAO da ta zauna a Yamai ta sami Nijar da laifin kasa kare Hadijatou Mani daga bauta, ta kuma hukunta a biya ta miliyan 10 na sefa. Laifin da aka kama gwamnati da shi shi ne ta ga cuta ba ta hana ba. Amma tun da ficewar Nijar daga CEDEAO ta tabbata a ƙarshen watan Janairu na 2025, wannan hanya ta daina zama abin dogaro ga sabbin ƙararraki. Nauyin duka ya dawo wuyan alƙalanmu na gida, kuma wanda ya ce ya isa da kansa, a irin wannan shari'a ake gane isarsa.

Ƙofa ta biyar ba ta kai wa ga kotu, amma ita ce ta fi saurin hana maimaici. Makaranta mai zaman kanta sai da izinin hukuma take buɗewa, kuma hannun da ya ba da izini yana iya janye shi. Iyaye na da damar rubuta wa masu duba makarantu da hukumar ilimi ta jaharsu, su aika kwafi ga magajin gari da ƙungiyar iyayen yara. Takardar uba ɗaya ana iya tura ta ƙarƙashin tari. Ta iyaye ashirin da sa hannunsu tana da wuyar ɓata. In kuwa haɗarin a mota ya faru, misali motar da ke kwasar yara, to akwai dokar inshora ta CIMA, wadda ƙasashen yankin sefa suka rattaba wa hannu a Yawunde a 1992 ta fara aiki a 1995. Ta wajabta wa kowace mota inshora, ta kuma tsara yadda kamfani zai biya wanda aka raunata. A nemi lambar motar da takardar inshorarta tun ranar farko.

Za a ce duk wannan na masu kuɗi ne. Gaskiya ne shari'a tana cin kuɗi da lokaci, kuma ɗan kasuwar da ya rufe kanti ya yini a gidan shari'a ya san abin da ya rasa. Amma a 2011 an kafa hukumar ANAJJ don ba da shawarar doka kyauta da taimaka wa marasa hali samun mai tsaya musu, kuma yara na cikin waɗanda aka kafa ta dominsu. Abin da ya fi rashin kuɗi hana mutane shi ne kunya da tsoro: mai makarantar suruki ne, ko abokin ciniki, ko matar wani babba ce da ke iya sa a tura ma'aikaci ƙauyen da ba ruwa ba wuta. Wannan tsoro ba na banza ba ne, mun sani. Sai dai shi ne jarin da mai sakaci ke juyawa, kuma ranar da iyaye biyar suka tsaya tare, jarin ya karye.

Adalci ya sa mu faɗi ɗaya gefen. Ba kowace faɗuwa ce ke da mai laifi ba. Yaro na gudu, yana faɗuwa, yana kurje gwiwa a gaban uwarsa ma, kuma uban da zai ja malama kotu a kan ƙujewa ya zalunce ta. Mafi yawan matan da ke wannan aiki suna yinsa da zuciya ɗaya, a kan albashin da bai taka kara ya karya ba. Tambayar da alƙali ke yi ita ce wadda ya kamata kowane uba ya yi: shin mai hankali, a wannan wuri, da waɗannan yara, zai iya hango haɗarin ya kuma kauce masa? Rijiya a buɗe cikin farfajiyar ƴan shekara uku, kowa na iya hangowa. Mace ɗaya ga jarirai talatin, kowa na iya hangowa. Ƙofar gida a buɗe tana kallon titi ba mai gadi, kowa na iya hangowa. In an bi sawun irin wannan sakaci, sau da yawa ba a ɗakin malama yake tsayawa ba, yana wucewa ne har teburin wanda ya ga ɗaukar ma'aikaciya ta biyu zai rage masa riba.

Don haka muna kira ga mahukunta da abubuwa biyar. A wajabta wa duk mai karɓar ƙananan yara yin inshorar alhaki, a kuma liƙa takardarta inda iyaye za su gani, don kada diyyar yaro ta dogara ga aljihun mai makaranta. A ƙayyade yawan yaran da mutum ɗaya zai lura da su, a kuma duba kowane jardan kafin komawa karatu ta watan Oktoba, da masu kashe gobara cikin ayarin. A tilasta wa kowace makaranta ajiye littafin haɗurra da sanar da iyaye a ranar da abin ya faru. Duk binciken da aka buɗe a kan mutuwar yaro a makaranta, a bayyana wa jama'a sakamakonsa, da sunan ma'aikatar da ta gaza da abin da aka biya. A lokacin gobarar 2021 hukumomi da kansu suna ƙiyasta azuzuwan zana kimanin 36,000 a ƙasar; ya kamata kowace shekara a faɗa wa ƴan ƙasa nawa suka rage. Na biyar, tun da kundin sake gina ƙasa na 2025 ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, a fassara waɗannan ayoyi da muka lissafa zuwa Hausa da sauran harsunanmu, a karanta su a gidajen rediyo. Dokar da ke kulle cikin Faransanci ta masu ilimin boko ce kaɗai.

Ga iyaye kuwa, rigakafi ya fi magani. Kafin ka biya kuɗin rajista, shiga ka duba da idonka: ina rijiya, ina salga, ina wayoyin lantarki, ƙofa nawa ajin ke da ita, mutum nawa ke lura da yara nawa, ina takardar izini. Mai makarantar da ya ji haushin waɗannan tambayoyi ya riga ya ba ka amsa. Ɗan kasuwar da ba ya sallama buhu ba tare da ya ƙirga ba, da ma'aikacin da ba ya sa hannu a takarda ba tare da ya karanta ba, bai kamata su miƙa ɗansu da ido rufe ba.

In kuwa abin ya riga ya faru, Allah ya kiyaye, to a yi haƙuri, a kuma nemi hakki. Biyun ba su taɓa zama abokan gaba ba. Uban da ya tsaya har aka rufe rijiya, ko aka ƙara ƙofa, ko aka biya wa ɗansa aikin likita, ya yi wa ƴaƴan unguwa duka aiki, har da na waɗanda suka zarge shi da taurin kai. Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Gemun Yamai ya kama, na Maraɗi ya kama. Saura mu ga wa zai ɗebo ruwan.